Rijiyar taka ce, dajin ba naka ba ne



Maganar da muke tafe da ita yau ba baƙuwa ba ce wajen duk wanda ya taɓa kora garke daga gulbin Tarka ya nufi arewa. Mutum ya yi kwanaki bisa hanya, ya iso wurin da ubansa ya yi kiwo, kakansa ma ya yi kiwo, sai ya tarar an kafa turakun ƙarfe an ja waya mai ƙaya iyakar ganin ido. Wani wurin ma babu waya ko ɗaya. Rijiyar siminti ce kawai da mai gadi zaune a gindinta, ya ce maigida ya hana a ba baƙo ruwa. To, kowa ya san ma'anar wannan. Saniya ba ta iya nisa da ruwa a rani, saboda haka wanda ya riƙe rijiya ya hana, ya riƙe dukan ciyawar da ke kewaye da ita har tafiyar yini, ko da bai kashe dala ɗaya wajen shinge ba. Idan ka tambayi dalili, sai a ce maka wurin mai shi ne, yana da takarda.

A da nan maganar take tsayawa. Yanzu kuwa an ƙaro mata ado. Masu waya sun koyi sabon yare, sun ce su masu kare muhalli ne. Wai mu ne muka kashe daji da yawo, mu ne muka jawo hamada, su kuwa sun killace ne don ƙasa ta huta, ciyawa ta dawo, itace ya tofo. Wai abin da ba na kowa ba, ba wanda ke kula da shi, sai an ba shi mai shi. Wannan magana ta shiga bakin manyan ma'aikata da ƴan kasuwa da wasu masu ba da shawara a ofisoshin Yamai, har ma muna jin ta a bakin wasu daga cikinmu. Don haka muka ga ya dace mu zauna mu warware ta zare da abawa.

Mu fara da doka, tunda da takarda ake tsorata mu.

Tun watan Mayu na 1961, ƙasar Nijar ba ta ko cika shekara ɗaya da samun ƴancin kai ba, aka yi doka mai lamba 61-05 wadda ta shata iyakar noma daga arewa. Arewa da wannan iyaka, inda ruwan sama ba ya kai wa manomi, an bar ƙasa don kiwo. An hana buɗe sababbin gonakin damana a can, ban da ɗan abin da makiyayi zai shuka don cikinsa da kuma lambunan da ke wuraren ruwa. Dokar ta ce ma idan bisa ta shiga gonar da aka yi a can, babu diyya. A ranar 2 ga Maris 1993 aka fito da kundin tsarin karkara, wanda ya ce albarkatun karkara gado ne na al'ummar ƙasa baki ɗaya, kuma duk ɗan Nijar yana da damar amfana da su daidai da kowa. Sannan ranar 20 ga Mayu 2010, bayan shekaru ana kai ruwa rana tsakanin ƙungiyoyin makiyaya da gomnati, aka sa hannu bisa dokar kiwo mai lamba 2010-029. Wannan doka ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na asali ga makiyayi, gomnati kuma ita ce mai tsaron wannan haƙƙi. Ta tabbatar da iyakar 1961. Ta kuma hana kowa ya mallake filin kiwo na jama'a shi kaɗai, ta hana a ba wani yankin ƙasa idan bayarwar za ta toshe wa garke hanya ko ta hana shi isa ga ciyawa da ruwa.

To, ina takardar da ta fi wannan? Wanda ya ce ya sayi daji a arewacin Dakoro ko ƙasar Abalak ko arewacin Tanut, mu tambaye shi: wa ya sayar maka? Sarki ba ya sayar da abin da ba nasa ba. Hukumar gunduma ba ta sayar da abin da doka ta hana a sayar. Hatimi da sa hannu ba su mayar da haram halas. Wanda ya sayi saniyar sata a kasuwa, ko da dillali goma suka shaida, ranar da mai ita ya zo ya nuna shaidar da ke jikinta sai ya bayar. Ƴan kasuwarmu sun fi kowa sanin wannan hukunci.

Ba mu ce makiyayi ba shi da komi a daji ba. Dokar 1993 ta san cewa kowace al'umma tana da wurin da take komawa, inda rijiyoyinta suke, inda take zama mafi yawan shekara. A nan ta ba ta haƙƙin fifiko: naka su fara sha, naka su fara ci. Amma fifiko daban, mallaka daban. Dokar 2010 ta faɗa a fili cewa wannan fifiko ba zai zama hanyar hana wasu wucewa ba, ba kuma zai zama hanyar riƙe albarkatun kiwo a hannun mutum ɗaya ba. Abin da iyayenmu suke yi ke nan tun kafin a san biro da takarda. Baƙo ya iso rijiyarka, ya yi sallama, ya nemi izini. Ka shayar da naka, ya shayar da nasa bayanka. Ka ce masa kwana uku ko kwana bakwai, gwargwadon ƙarfin ruwa da yawan ciyawa. Idan a garkensa akwai ciwo, ka ware masa wuri da lokaci. Ya wuce yana sa maka albarka, kai kuma ka san wata shekara kai ne za ka tsaya a bakin tasa rijiyar. Malamanmu ma sun sha karantar da mu cewa ruwa da ciyawa da wuta tarayya ce tsakanin mutane, kuma hana rarar ruwa don a hana ciyawar da ke kusa da shi abu ne da shari'a ta yi hani da shi. Ashe dabarar mai gadin rijiya tsohuwa ce, hukuncinta ma tsoho ne.

Yanzu mu dawo kan batun kare muhalli, domin a nan ne aka fi yi mana rufa-ido.

Wannan magana ta cewa abin tarayya ƙarshensa lalacewa, ba a Abalak aka ƙirƙiro ta ba. Wani masani ɗan Amurka mai suna Garrett Hardin ne ya yaɗa ta a 1968. Ya kawo misalin filin kiwo da kowa ke shiga: kowane makiyayi zai yi ta ƙara bisashe don ribar tasa ce shi ɗaya, ɓarnar kuwa ta kowa ce, har filin ya mutu. Bayan farin 1973 da na 1984, masu ba da agaji da masu tsara ayyuka suka riƙe wannan misali kamar aya, suka yi ta auna mu da shi. Amma filin da ya kwatanta fili ne da ba shi da sarki, ba shi da ƙa'ida, ba wanda ke tambayar wani. Wannan ba dajinmu ba ne. Daga baya wata masaniya, ita ma ƴar Amurka, Elinor Ostrom, ta bi al'ummu da dama a duniya, masu kiwo da masunta da masu noman rani, ta nuna cewa jama'a na iya riƙe abin tarayya shekaru aru-aru ba tare da ya lalace ba, muddin suna da ƙa'idojin da suka yarda da su da hanyar hukunta mai ƙetare su. A kan wannan aiki aka ba ta kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009. Masu waya sun ji labarin na farko, amma ba su taɓa jin na biyu ba, ko kuwa sun ji sun yi kunnen ƙashi.

Kuma an gwada abin da suke faɗi, ba a ƙasar Turawa ba, a nan yankinmu na Sahel. A arewacin Senegal, cikin ƙasar Ferlo ta Fulani, a wani wuri da ake kira Widu Cengoli, an fara wani aiki a 1981 da taimakon Jamusawa. Aka kewaye filaye da waya, aka ƙayyade yawan bisashen da za su zauna a kowane fili, aka ce ga kiwon zamani, za a ga yadda ƙasa za ta farfaɗo. Masana suka yi shekara da shekaru suna auna ciyawar cikin waya da ta waje. Me aka gani? A shekarar fari, ciyawar cikin waya ba ta ishi bisashen ba, dole aka fito da su suka bi sauran jama'a. A shekarar ruwa, ciyawa ta yi yawa ta fi ƙarfin bisashen, ta bushe ta kwanta ta danne ƙasa, sabuwa ta kasa fitowa da kyau. Sannu a hankali ire-iren ciyawa masu amfani da masu jure fari suka ragu a ciki. Waɗanda suka bi aikin da kansu suka rubuta cewa killacewa ba ta fi kiwon yawo ba a irin wannan ƙasa. Ba mu muka faɗa ba, su suka auna.

Mu dai ba mu buƙaci awo ba kafin mu san haka. A ƙasarmu hadari yana zuba nan ya tsallake can. Bana kwarin nan ya yi kore shar, baɗi ko ƙarangiya babu. Wace waya ce za ta iya bin hadari? Saniya ce ke iya binsa. Tana tafe tana cin kaɗan a nan kaɗan a can, kofatonta na tura iri cikin ƙasa, kashinta na zama taki, ƴaƴan bagaruwa da na ƙandili da ta ci suna fita a wani wuri su tsiro. Da damana ta hau arewa har wajen Ingal ta lashi gishiri ta ci ɗanyar ciyawa mai ƙarfi, ta bar kudu ga manomi. Da kaka ta sauko ta ci kara ta bar masa taki. Wurin da ta bari ya huta wata da watanni. Wannan hutun da masu waya ke cewa sun kawo wa ƙasa, ai tafiyarmu ce ke ba ta shi tun fil azal.

Ga kuma abin da ba su so a faɗa. Mai waya ba ya zama cikin wayarsa. Da damana, sa'ad da ciyawa ta wadata ko'ina kuma tabkuna suka cika, garkensa yana waje tare da namu, yana cin na jama'a. Sai rani ya tsananta, dajin kowa ya ƙare, sannan ya kora nasa ciki ya ja ƙofa. Ke nan ya ci namu tare da mu, ya ajiye nasa ya ci shi kaɗai. Idan baƙo daga birni ya zo a watan Afrilu ya ga ciyawa tsaye cikin waya, waje kuma ƙura ke tashi, sai ya ɗauki hoto ya ce kun gani, killacewa na gyara ƙasa. Bai san cewa ƙurar da ke waje wayar ce ta haife ta ba. Duk eka ɗaya da aka rufe, bisashen da suka saba cinta ba su ɓace ba, sun koma sun taru kan abin da ya saura.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Ba mu cewa daji a bar shi sakaka ba ƙa'ida. Mun ga abin da sakaka ta haifar. A shekarun 1960 gomnati ta gina manyan tashoshin famfo a arewacin Tawa, ruwa na bulbulowa da inji, kyauta, ba a tambayar kowa daga ina ya fito. Niyya mai kyau ce. Amma da ruwa ya zama ba na kowa ba, sai garke ya taru daga ko'ina fiye da abin da ciyawar wurin za ta ɗauka, ƙasa ta zama fako kewaye da famfo, masu wurin na asali suka rasa ta cewa. Tsohuwar rijiya da ake ja da guga da jaki ko raƙumi tana da iyakar abin da za ta shayar a yini, kuma wannan iyaka ita ce ke tsare ciyawa. Darasin da ke nan shi ne ruwa da ciyawa tare ake auna su. Shi ya sa dokar 2010 ta sa tazara tsakanin wuraren ruwa a yankin kiwo: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin na siminti, 30 tsakanin rijiyoyin burtsatse. Shi ya sa kuma ba a gina rijiya a can sai da izini, bayan an ji ta bakin mutanen wurin da hukumar kula da filaye, wato Kofo. Amma ku duba yadda ake yi. Mai kuɗi ya zo ya haƙa rijiya inda ya ga dama, kusa da ta mutane, ba don yana ƙishirwa ba, sai don ya kafa tuta a kan ciyawa. Wani ma ya daina wahalar haƙa, tankar ruwa yake aikawa da mota har tsakiyar daji, garkensa ya zauna kan ciyawar da jama'a suka tanada don ƙarshen rani, ya share ta ya tashi. Wannan shi ne mai kare muhallin?

Sai batun ɗibar busasshiyar ciyawa, wanda yake cin mu kamar gara, ba ƙara ba hayaniya. Da zarar kaka ta wuce sai ka ga amalanke bi da bi, daga baya manyan motoci, an shiga hurumi da manjagara ana kankare ƙasa. Manjagara ba ta ɗaukar ciyawa kaɗai, tana haɗawa da irin da ya zube, tana barin ƙasa tsirara ga iskar hunturu. A tara a boye, a jira watan Mayu da Yuni sa'ad da saniya ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, sannan a fito da ita a sayar wa wanda aka kwashe ta daga gaban garkensa. Bayan ƴan shekaru wurin da aka saba ganin komayya da gadagi sai garmani ya mamaye, abin da bisa ba ta so. Mun san talakan da ke ɗaukar dami a kansa don akuyarsa ko don ya sami na cefane, ba da shi muke ba. Muna magana ne kan mai motoci. Idan ka yi masa magana sai ya ce guminsa ne, ya biya ƴan ƙwadago, ciyawar ta zama tasa. Jiya tana tsaye ta kowa ce, yau an kwantar da ita an ɗaure ta zama dukiyar mutum ɗaya. Doka ta hana ɗibar ciyawa a zangon makiyaya da kewayensa, ta kuma ce ɗiba don kasuwanci sai da izinin magajin gari bayan shawarar Kofo. An rushe majalisun gundumomi a 2024 an naɗa kantomomi, amma wannan bai shafe dokar ba. Duk wanda ke zaune bisa kujerar, nauyin yana wuyansa.

Za a ce mana, to ku dubi Maraɗi da Damagaram. Ai tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka fara barin tohon itace a gonakinsu suna sassabe shi da kula, har aka ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5 ya sake samun itatuwa. Kuma abin da ya ƙarfafa su shi ne sun fara ganin itacen nasu ne, ba na ma'aikacin gandun daji da ke zuwa ya ci su tara ba. Wannan gaskiya ne, kuma muna yaba musu. Mu ma mun amfana, domin ƴaƴan gawo abincin bisashenmu ne a lokacin da babu wani. Mun yarda cewa mutum ya fi kula da abin da ya san shi zai ci moriyarsa. Amma gawo yana tsaye wuri ɗaya shekara da shekaru, kuma hannun manomi ne ya raine shi. Ciyawar arewa wa ya shuka ta? Wa ya san inda za ta fito baɗi? Abin da ya dace da itace a gonar Agye ba dole ya dace da ƙarangiya a dajin Bermo ba. Kuma ko gonar ma, mallakarta tana da iyaka. Manomi yana da ita, ba mai musu, amma idan an gama girbi hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, bisashe na da damar shiga. Ba shi da ikon ya nome burtalin da ya ratsa gefensa, ba shi da ikon ya shuka hatsi har bakin mashaya ya mayar da gona tarko. Idan gonar gado da aka yi wa shaida kaka da kakanni tana da iyaka, yaya za a ce takardar da aka samo jiya ta bayan gida ba ta da ita?

Hatta gomnati da kanta ba ta ce nata shingen ba ya buɗuwa. Dokar 2010 ta tanadi cewa idan aka shiga babban fari, gandayen daji da filayen kiwo na gomnati za su iya zama mafaka ga garken jama'a. Muna da ƙorafe-ƙorafenmu game da yadda wasu ma'aikatan gandun daji ke mu'amala da makiyayi, wata rana za mu zo kansu. Amma aƙalla gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, na ƙasa ne, akwai dokar da za mu kama mu yi magana. Wayar mutum ɗaya fa, ranar fari wa zai tilasta masa ya buɗe? Waɗanda suka ga 1984 da 2010 sun san yadda gawar shanu ke jeruwa a hanya. Ku ƙaddara irin wannan shekara ta dawo, a ce rabin wuraren da muke gudu mu fake suna bayan ƙarfe.

Yanzu bari mu taɓa inda ke mana ciwo, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Masu wayar nan ba duka baƙi ba ne. A cikinsu akwai ƴaƴan makiyaya da suka yi arziki. Akwai manyan ƴan kasuwar bisashe da ke karanta wannan shafi, waɗanda ke sayen shanu da araha a ƙarshen rani, su tara su a daji su yi ƙiba kafin a loda su zuwa Jibiya ko Illela ko Mai'aduwa. Akwai shugabannin al'umma da suka sa hannu don an ba su abin goro. Akwai kuma waɗanda suka ce tunda kowa na kamawa, bari mu ma mu kama namu kafin a bar mu a tutar babu, suka yi gonar ƙarya kewaye da rijiya don kawai a ce wurin yana da mai shi. Mun fahimci tsoron da ya kai su ga haka. Amma ɗan'uwa, idan ka rufe naka, da wane baki za ka roƙi na wani ranar da hadari ya tsallake ka? Kai kuma Alhaji, saniyar da kake saya a Sakabal ko Abalak ko Badagiciri, a ina aka haife ta? Ba a cikin waya ba. Ƙaramin makiyayi ne ya raine ta da ƙafarsa. Ranar da ya rasa wurin kiwo ya sayar da ta ƙarshe ya tafi birni gadi, kasuwar da kake taƙama da ita daga ina za ta cika?

Kuma lokacin da ake rufe mana arewa, kudu ma tana rufewa. Jihar Binuwai ta Najeriya ta hana kiwon sake a 2017. A ƙarshen 2019 ƙasar Benin ta sanar da hana garken ƙetare shiga ƙasarta. Rashin tsaro ya raba mu da wurare da dama a yammacin ƙasa da bakin tabkin Cadi da kan iyakar kudu. Gonaki kuwa sun daɗe da haye iyakar 1961. Garken da ya rasa inda za shi ba ya tashi sama, gonar wani yake faɗawa. Ba mu manta Toda ba, a jahar Maraɗi, inda a watan Oktoba na 1991 aka kashe mutane fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara na Fulani. Ba muna tuna wannan don mu tada tsohon miki ba ne. Muna tuna shi ne don talaka manomi da talaka makiyayi su ne ke haɗuwa da sanda da adda a bakin gona, wanda ya matse su kuwa yana birni, wayarsa na tsaye ba wanda ya taɓa ta.

Saboda haka muna kira ga kowane arɗo da kowane shugaban al'umma, kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa bisa takardar da ta shafi fili ko rijiya sai an karanta ta a gaban jama'a da harshen da suke ji. Makiyaya suna da kujera a cikin Kofo tun daga ƙauye har gunduma. Wakilin da muka tura can, idan ba ya zuwa taro ko yana zuwa ya karɓi kuɗin zama ya yi shiru, mu sauya shi. Inda aka ga ana kafa turaku ko ana haƙa rijiya, a tafi tun ranar farko a tambayi izini, a nemi a gan shi da ido, a rubuta ranar da sunan wurin, a kawo wa ƙungiya. Kada a tsinke waya da dare, domin nan take za a bar maganar daji a koma maganar ɓarna, mai laifi ya zama mai ƙara. A bi ta Kofo, a bi ta hukuma, in ta kama a je gaban alƙali, kuma a je da yawa.

Ga hukumomi kuma, ba sabuwar doka muke roƙo ba. Wadda aka sa wa hannu ranar 20 ga Mayu 2010 muke so a fito da ita daga aljihun tebur. A ƙidaya duk wani shinge da ke arewa da iyakar noma, a bayyana wa jama'a wanda ya ba da izininsa da dokar da ya dogara da ita. Wanda ba shi da madogara, a ba mai shi wa'adi ya kwashe ƙarfensa kafin garke ya fara hawa arewa da ruwan farko.